Farfesa Tomori da cutar shawara: an daɗe ana bincike, me ya sa har yanzu take kisa?

Ɗalibar_Samaru
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu aikin lafiya da ke cikinmu ce. Malaminmu ya kawo sunan Farfesa Oyewale Tomori a aji, ya ce ba a maganar cutar shawara a Afirka a tsallake shi. Abin da ya ja hankalina shi ne a nan ABU Zariya ya yi digirinsa na likitan dabbobi, ya gama a 1971. To me ya kai likitan dabbobi ga cututtukan da sauro ke sa wa mutane? Sannan abin da ya fi damuna: an ce allurar rigakafin shawara tun 1937 aka samo ta. Idan haka ne, me binciken irin su Tomori ya ƙara, tunda ko a 2019 cutar ta kashe mutane a Bauchi?

Likitan_Garke
Wa alaikis salam ƙanwata. Tambayarki ta farko mai sauƙi ce. Yawancin waɗannan cututtukan ba a jikin mutum suke zama ba, a jikin dabba suke. Shawara gidanta birai ne a daji. Sauro ya ciji biri, ya ciji manomi ko mai saran itace, shi kuma ya shigo da ita gari, sauron gari ya ci gaba da rabawa. Wanda ya san jikin dabba ai shi ya fi kusa da tushen maganar. Tomori yana gamawa a Zariya ya wuce ɗakin binciken bairos, wato ƙananan ƙwayoyin cuta irin na shawara, na Jami'ar Ibadan, can ya yi digirin digirgir a 1976, daga baya ya shugabanci sashen.

Baban_Khalifa
Ni dai ban taɓa jin sunansa ba sai lokacin korona, ana ta hira da shi a talabijin. Dattijo ne mai faɗar gaskiya ba tsoro, wannan kam na shaida. Amma tambayar yarinyar nan ta biyu ita ce magana. Ku amsa mata ita.

Malam_Lab
Baban Khalifa, a yi haƙuri in ɗan ja da baya, don amsar tana cikin tarihin ɗakin binciken nan na Ibadan. Gidauniyar Rockefeller ce ta taimaka aka kafa shi a 1964. Aikinsu shi ne su ɗebi jinin yara masu zazzaɓi a asibiti, su kama sauro da kaska, su ɗebi jinin shanu da tumaki, su yi wa jariran ɓeraye allurarsa a ƙwaƙwalwa su jira su ga ko za su kamu. Idan sun kamu, sai a fara neman wace ƙwaya ce. Aiki ne na haƙuri mai cin makonni, ba kamar yanzu da na'ura ke ba ka amsa a yini guda ba. Ta wannan hanyar aka gane cewa dengi yana Najeriya, Zika tana Najeriya, cikungunya ma haka, dukkansu zazzaɓi ne da sauro ke yaɗawa, tun kafin duniya ta fara kururuwa a kansu.

Shi Tomori abin da ya fara fito da sunansa ita ce ƙwayar Orungo. An fara samunta a jikin sauro a Yuganda a 1959, amma ba a san ko mece ce ba, lamba kawai aka ba ta aka ajiye. Shi ya zauna ya tantance kamanninta da danginta, da yadda take kama mutane da dabbobi a Najeriya, har aka yi mata rajista a matsayin ƙwaya mai zaman kanta. Ita ma zazzaɓi da ciwon kai take kawowa, kuma an sha cin karo da ita a wuraren da shawara ta ɓarke. Kun ga ke nan mutum biyu za su kwanta gado kusa da gado da zazzaɓi iri ɗaya, amma abin da ke jininsu daban.

Maman_Ilham
Malam, a nan ne kaina ya ɗaure. Mu a gida duk wanda idonsa ya yi rawaya cewa muke shawara ce. Jariri ma idan ya yi kwana uku jikinsa ya canja, a ce shawara. To wacce ce ta sauron?

Nas_Hadiza
Maman Ilham, wannan ruɗanin kullum muna fama da shi a asibiti. Rawayar ido alama ce kawai ta cewa hanta ta wahala ko jini yana fashewa. Ciwon hanta yana kawo ta, maleriya mai tsanani tana kawo ta, masu sikila suna yi, jarirai ma suna yi saboda hantarsu ba ta gama ƙwari ba. Ta sauron daban take. Kwana 3 zuwa 6 bayan cizo sai zazzaɓi ya rufe mutum, da ciwon kai da ciwon baya da amai. Yawancin mutane daga nan suke warkewa. Amma kamar kashi 15 cikin ɗari sai su ji sauƙi na yini ɗaya, har a ce an tashi, sai abin ya dawo da ƙarfi: ido ya yi rawaya, fitsari ya ragu, jini ta hanci ko dasashi, amai baƙi. Cikin waɗanda suka kai wannan matakin kusan rabi ba sa tashi. Kuma babu maganin da ke kashe ƙwayar, sai dai a yi ta tallafa wa jiki da ƙarin ruwa da jini. Don Allah idan kin ga rawayar ido da zazzaɓi kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a tafi asibiti.

Maman_Ilham
Na gode Anti Hadiza, Allah ya saka. Gidan sauro fa, yana karewa?

Nas_Hadiza
Yana kare maleriya, a ci gaba da kwana a ciki. Amma sauron shawara, Aedes, da rana yake cizo, musamman da hantsi da kuma la'asar zuwa magariba. Baƙi ne mai ɗigon fari a ƙafafu. Kuma ba a kwata yake haihuwa ba, ruwa mai kyau yake so: randa, duro, tsohuwar taya, gwangwani, kogon bishiya. Ƙwansa yana manne a jikin randa ya yi watanni a bushe, ruwa na taɓa shi ya ƙyanƙyashe. Shi ya sa zubar da ruwan kawai bai isa ba, sai an goge cikin randar da soso an rufe ta.

Baban_Khalifa
Duk na ji, kuma na ƙaru. Amma har yanzu ina nan kan bakana. An san sauron, an san allurar, an san komai. To binciken na mene ne kuma?

Tsohon_Jami'in_Lafiya
Ɗana, bari in ba ka misali da abin da ya faru muna cikin aiki. A 1986 shawara ta ɓarke a Oju ta jihar Binuwai da Ogoja ta Kuros Riba. Masu bincike da suka shiga ƙauyuka suka ƙiyasta cewa a Oju kaɗai mutum 9,800 suka kamu har ido ya yi rawaya, 5,600 suka rasu. Sauron daji ne ya yi wannan ɓarnar. Shekara na zagayowa, 1987, sai ga ta a jihar Oyo, amma wannan karon sauron cikin gida ne, wanda ke haihuwa a tukwanen ruwa. A takardar hukuma mutum 805 suka kamu, 416 suka mutu. Tawagar da ta je, wadda Tomori yake ciki tare da Dakta Abdulsalami Nasidi ɗan Kano da Ba'amurke Thomas Monath, ta ɗebi jini a ƙauyuka uku, ta tarar kusan mutum ɗaya cikin biyar ƙwayar ta shige shi. Wato abin da aka rubuta a ofis ɗan tsagi ne na abin da ya faru.

To ka ga amfanin binciken. In ba a san yawan waɗanda suka kamu ba, ba za a nemi allura mai isa ba. In ba a san wane sauro ba ne, za a je ana feshi a daji alhali abokin gabar yana cikin randar tsakar gida. Ni a ganina babban abin da mutanen nan suka yi wa ƙasar shi ne sun hana a ɓoye girman cutar. Na ga yadda ake rubuta "zazzaɓi" a littafin asibiti a rufe, a yi jana'iza, ba wanda ya tambayi wane iri.

Baban_Khalifa
Baba, Allah ya ƙara girma, wannan ta shige ni. Sai dai mutumin nan ai ba a ɗakin gwaji ya ƙare ba. Ya yi aiki da Hukumar Lafiya ta Duniya, ya yi shugaban jami'a, ya shugabanci kwamitoci. Wanda ya hau waɗannan kujerun, ba za a ce shi ma yana da rabonsa a gazawar ba?

Dr_Sadiq_Jos
Tambayarka halas ce, amma mu duba kujerun. Daga 1994 zuwa 2004 shi ne masanin bairos na Hukumar Lafiya ta Duniya mai kula da yankin Afirka. Aikin da ya yi a can shi ne haɗa ɗakunan gwajin shan inna na ƙasashen Afirka su zama tsari guda: horo iri ɗaya, kayan aiki iri ɗaya, jarrabawa duk shekara a ga ko ɗakin yana ba da sakamako na gaskiya. A Najeriya akwai na Ibadan da na Maiduguri. A kan wannan tubalin aka ɗora gwajin ƙyanda da na shawara daga baya. Da aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta asali a watan Agusta 2020, shaidar da aka dogara da ita daga waɗannan ɗakunan ta fito. Daga 2004 zuwa 2011 ya riƙe Jami'ar Redeemer's, sannan ya shugabanci Cibiyar Masana Kimiyya ta Najeriya. Babu ɗaya cikin kujerun nan da ke sakin kuɗin sayen allura ko biyan ma'aikacin da zai hau babur ya kai ta ƙauye. Mai ba da shawara ne. Kuma duk mai bin rubuce-rubucensa ya san ya fi kowa caccakar gwamnatoci kan sakaci da rigakafi da dogaro da tallafin waje.

Ɗan_Tawa
Salamu alaikum daga Nijar. Ina son in ƙarfafa maganar Likitan Garke ta farko. A 2016 wata cuta ta faɗa wa makiyaya wajen Cintabaradan da Tasara a jiharmu ta Tawa. Tumaki da raƙuma suna ta ɓari, ƙananan suna mutuwa, sai mutane suka fara zazzaɓi da zubar jini. Zazzaɓin kwarin Rift ne, sauro ke yaɗa shi tsakanin bisashe, mutum kuma ya ɗauka wajen yanka ko taimakon dabba mai haihuwa. Sai da aka kai jini Cibiyar Pasteur ta Dakar aka tabbatar. Makiyayi ya riga likita ganin alamar, don garkensa ne ya fara zubewa. Da akwai likitan dabbobi kusa da ya ji labarin ɓarin da wuri, da an rage asarar rayuka.

Likitan_Garke
Haka yake ɗan'uwa. Kuma Tomori ya yi aiki a kan wannan cutar ma tun yana matashi, ya gwada yadda take kama tumakin yankinmu. Shi ya sa nake ce wa ɗalibai kada su ɗauka karatun dabbobi allurar shanu ce kawai.

Hajiyar_Zango
Mu ma daga Kumasi muna biye. Akwai abin da ban ga an ambata ba. Ƙwayar da aka yi allurar shawara da ita daga nan Gana ta fito. A 1927 aka ɗebi jinin wani saurayi mai suna Asibi da ya kamu ya warke. Daga jinin nan aka raba ƙwayar, Max Theiler da abokan aikinsa suka yi ta juya ta a Amurka cikin naman ɗan tsakon da ke cikin ƙwai har ta rasa dafinta, ta zama allurar da ake kira 17D. Theiler ya sami kyautar Nobel a 1951. Masu binciken ma sun biya da rayukansu: Adrian Stokes ya mutu a Legas a 1927, Noguchi ɗan Japan ya mutu a Ankara, babban birnin Gana, a 1928, duk da cutar da suke bincike. Akwai cibiyar bincike mai sunan Noguchi a Jami'ar Gana har yau. Abin da ke min ciwo, jinin daga nan ya fito, amma allurar sai mun jira an aiko mana.

Malam_Lab
Hajiya kin taɓo inda yake mana ƙaiƙayi. Najeriya ta taɓa yin allurar shawara da kanta a Yaba, Legas, har ana ba maƙwabta. A 1991 aka rufe wurin da sunan za a gyara, bai sake aiki ba. Yau masana'antu huɗu kacal Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da allurarsu: Dakar, Brazil, Faransa da Rasha. Da cutar ta ɓarke a Angola a 2016 ta tsallaka Kwango, allurar ta yi ƙaranci har sai da aka riƙa raba ta mutum ɗaya gida biyar a Kinshasa. Tomori yana cikin masu ƙoƙarin farfaɗo da yin allura a gida, shi aka naɗa shugaban hukumar gudanarwar kamfanin Biovaccines da gwamnati ta kafa tare da kamfanin magunguna na May & Baker.

Baban_Khalifa
To ga shi nan, Malam. Wannan kujerar fa? Ita ai ba ta shawara ba ce kawai. Ina allurar?

Dr_Sadiq_Jos
Nan kam ba zan yi maka gardama sosai ba, jama'a suna da haƙƙin su tambaya. Abin da zan ce kawai, masana'antar allura ba ta tsayawa da ilimin mutum ɗaya. Tana son wuta da ba ta ɗaukewa, ƙwai na musamman daga kajin da ba su da wata cuta, hukumar sa ido da duniya ta yarda da ita, da gwamnatin da za ta yi alkawarin saye ta cika. Dakar ta ɗore ne saboda ba a taɓa barin wurin ya mutu ba.

Bakatsine_Direba
Ku masu ilimi kuna ta magana a sama, ni bari in faɗi ta ƙasa. Ina jigilar kaya zuwa Kwatano da Lome. Lokacin da na fara, wani ya karɓi kuɗina ya kawo min katin shawara da hatimi da sa hannu, ko hannun rigata ban naɗe ba. Na yi shekaru ina ƙetare iyaka da shi ina ganin na yi dabara. Sai da cutar ta shigo wasu ƙananan hukumomin Katsina a 2019 na je aka yi min ta gaske. Direbobi da yawa da na sani har yau katin banza ne a aljihunsu. Wannan kuma wane farfesa zai gyara mana?

Nas_Hadiza
Allah ya sa wasu su ji, Malam Direba. Kuma allurar sau ɗaya ce a rayuwa. Da ana cewa duk shekara goma a sabunta, amma tun 2016 aka soke wannan a dokar tafiye-tafiye ta duniya. Kwana goma bayan an yi take fara aiki, shi ya sa maniyyata kada a bari sai ana gobe tashi. Yara kuma tun 2004 tana cikin rigakafin yau da kullum, a wata tara, rana ɗaya da ta ƙyanda, kyauta. Matsalarmu iyaye suna kawo yaro na farko-farko, zuwa wata tara an gaji an daina.

Abu_Ammar
A yi mana adalci dai. Mutane ba haka kawai suke gudun allura ba. Wanda ya ga abin da aka yi wa yara a Kano a 1996 lokacin sanƙarau, da sunan gwajin magani, ba za ka ce masa jahili ba don ya yi tambaya.

Tsohon_Jami'in_Lafiya
Gaskiyarka Abu Ammar, kuma mun ɗanɗana sakamakon a 2003 da aka dakatar da ɗigon shan inna a wasu jihohi, cutar ta bazu har ƙasashen da suka riga suka rabu da ita. Ni darasin da na ɗauka shi ne mu sami namu masanan da za su buɗe kwalba su gwada su gaya mana abin da ke ciki, da harshen da muke ji. Tomori ya shugabanci kwamitin ƙwararru kan shan inna da rigakafi na ƙasa shekaru da dama, kuma sai da aka jawo sarakuna da malamai cikin aikin sannan aka ga haske. Da a ce kowace jiha a Arewa tana da irinsa guda biyar 'yan asalin wurin, da rabin zargin nan bai taso ba.

Ɗalibar_Samaru
Na gode ƙwarai iyayena da yayyena. Anti Hadiza, batun Bauchi da na fara da shi, na karanta cewa a Alƙaleri ne, wajen dajin Yankari, har da ɗaliban wata kwalejin ilimi daga Biu da suka je yawon buɗe ido suka kamu. Wato daidai yadda Likitan Garke ya ce, daga biri zuwa sauro zuwa mutum. Abin da nake son sani yanzu, idan yau aka kawo mai irin wannan alamar asibitinku, kwana nawa kafin a tabbatar?

Nas_Hadiza
Ya danganta da mota da ƙanƙara, ƙanwata. Mukan ɗebi jini mu sa a akwatin sanyi, jami'in sa ido na ƙaramar hukuma ya kai jiha, daga can a tura ɗakin gwaji. Shekaru da yawa ko an gani a nan sai an aika Dakar an tabbatar, a yi makonni ana jira. Yanzu babban ɗakin gwajin NCDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, da ke Abuja yana yi, abin ya ragu. Amma fa sai ma'aikacin farko ya yi zargin cutar tukuna. Idan ya rubuta maleriya da taifot ya sallami mutum, babu jinin da zai tafi ko'ina.

Ɗan_Abeche
Haka aka yi mana a Cadi a 2020. Mutane suna ta zazzaɓi da ciwon gaɓoɓi, wasu ko tsayuwar salla ba sa iyawa, ana ta shan maganin maleriya ba sauƙi. Ashe cikungunya ce, dubban mutane a Abeche kaɗai. Sauro ɗaya ne da na shawara.

Malam_Lab
Sakkwato ma an tabbatar da dengi a ƙarshen 2023. Ni abin da ke tsorata ni, idan gwajin maleriya ya nuna babu, yawancin asibitocinmu ba su da abin gwada na biyu. A Ibadan shekara hamsin da suka wuce, da ɓeraye da haƙuri, suna iya gaya maka sunan ƙwayar.

Baban_Khalifa
Na yarda mutumin ya yi aiki, ban kuma raina shi ba. Amma batun Yaba yana nan a raina, kuma ban ji amsar da ta gamsar da ni ba. Dakta Sadiq, in akwai wanda ya san inda aka kwana kan masana'antar nan, a kawo mana.

Likitan_Garke
Ɗalibar Samaru, idan fannin ya kwanta miki, ki nemi zuwa Cibiyar Binciken Lafiyar Dabbobi ta Vom lokacin koyon aiki, suna da sashen bairos. Ki fara koyon bambanta sauron Aedes da Anopheles mai kawo maleriya da Culex na kwata da ido, ki duba randunan unguwarku bayan ruwan sama ki ga wane tsutsa ne a ciki. Na Anopheles kwance yake a saman ruwa, na Aedes kuwa kansa ƙasa yake ratayewa.

Maman_Ilham
Anti Hadiza, Ilham shekararta biyu kuma ba na jin an yi mata ta wata taran, katin ma ya ɓace a ƙaura. Za su karɓe mu ko lokaci ya wuce?

Nas_Hadiza
Bai wuce ba. Ki kai ta asibitin sha-ka-tafi mafi kusa ranar rigakafi, ki gaya musu katin ya ɓace, za su buɗe mata sabo. Ki tambaya har da ta ƙyanda zagaye na biyu.